Kifayen Baba Sun Shiga Halwa

Ranar Laraba, shida ga watan Maris na 1957, na dawo daga macin 'yan makaranta na bikin samun 'yancin kai riƙe da 'yar tutar takarda, na tarar da lorin Baba a ƙofar gidanmu na unguwar Moshi Zongo a Tamale, mutane sun kewaye shi. Baba direba ne, yakan kai doya da man kaɗanya kudu ya dawo da goro. A ranar kuwa akwatin gilashi ya sauko da shi, naɗe cikin buhu, da garwa biyar na ruwan teku. A cikin garwa ɗaya akwai kifaye bakwai, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, masu ratsin baƙi da rawaya. Wani Bature ne a Sekondi, can bakin teku, da zai koma ƙasarsu ya bar masa. Shekarata tara a lokacin, kuma ban taɓa sanin akwai ruwan da gishiri yake cikinsa tun asali ba.

An ajiye akwatin a zaure, kusa da taga. Kafin Baba ya sake tafiya, ni ya damƙa wa kifayen, don ni ce mai komawa sau uku in duba ko na rufe randa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka Uwata yake kirana. Ya nuna mini famfon keke da ya haɗa da siririn tiyo: in tura iska cikin ruwan da safe, da rana, da yamma. Ya shata layi da fenti a jikin gilashin, ya ce in ruwan ya sauka ƙasa da layin in cika da ruwan randa, domin rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Abincinsu garin busasshen jatan lande, abin da yatsa biyu za su ɗauka, sau ɗaya a yini. “Uwata, bakwai na bar miki,” ya ce, ya hau lori.

Duk na kiyaye, ban da na ƙarshen. A gidanmu Mma, mahaifiyata, ba ta gajiya da cewa, “A gidan nan ba a ci baƙo yana kallo.” Mai tallar itace daga Kukuo ma sai ta sha koko kafin ta fita. Ni kuma duk sanda na zauna a zaure da kwanon tuwo, sai kifayen su taru a jikin gilashi suna buɗe baki suna rufewa. Na yi ta tunanin nisan da suka zo, sun ƙetare kogi a Yeji, ba su da kowa a Tamale. Na fara da ɗan tuwon masara kamar ƙwayar gero, daga nan ɓarɓashin ƙosai, har da cokalin koko. Bayan haka na ɗage asabarin tagar, don masu zuwa kallo su gani sosai, zafin bazara ya riƙa dukan akwatin daga azahar zuwa la'asar. 'Yan'uwana mata suna carafke a tsakar gida, ni ina zaure ina ƙirga: bakwai, in sake ƙirgawa, bakwai.

Bayan kwana goma na ga wani jan abu a kan yashin ƙasan akwatin, kamar an ɗiga jini. Na ɗauka kifayen ne suke zubar da jini saboda ni. Na sa tsumma na goge kafin in tafi makaranta, na dawo na tarar ya bazu fiye da da. Ya hau duwatsu, ya hau gilashi, ya shimfiɗu kamar yanar kunu, da ƙananan kumfa a maƙale ƙarƙashinsa. In na taɓa sai ya ɓare kamar fata, yana warin fadama. Kwana huɗu ina gogewa ina ɓoyewa. A aji malaminmu yana lissafi a allo, ni ina shirya abin da zan gaya wa Baba. Da kifayen suka fara hawowa sama suna haki, Mma ta gani. Ta ɗauko alif, wanda muke jefawa a ruwan dam ya kwanta, za ta jefa ciki. Allah ya sa Ticha Kobina ya shigo.

Ticha Kobina Bafante ne daga bakin teku, yana haya a ɗakin ƙofar gidanmu, kuma a Hausarsa kowa namiji ne. Ya riƙe gefen gyalen Mma ya ce, “Mma, kar ka sa. Wannan ba ruwan sha ba ne, zai kashe duka.” Ya leƙa, ya shinshina, ya tsamo guntun tuwo daga bayan dutse, ya juyo gare ni. “Yarinya, kai ne ya ba shi tuwo?” Na ce ni ce. Mma ta ce, “To Ticha, da yunwa za ta bar su?” Ya ce kifin bai ci rabin abin ba, sauran ya ruɓe a ƙasa. Jan abin ba jini ba ne, wata irin gansakuka ce da yake gani a kududdufan bakin teku. Abu uku take so: ragowar abinci, hasken rana, da ruwan da ba ya motsi. Duka ukun na ba ta.

Ya sa bakinsa a tiyo ya zuƙo, jan abin ya bi ruwa ya zuba a bokiti. Muka wanke duwatsun, muka cika da garwa ɗaya daga ruwan tekun Baba. Sannan ya ce a rufe akwatin ruf kwana uku, ba haske, ba abinci, sai famfo sau biyar a yini. Mma ta kawo baƙin bargo. Limamin unguwarmu, da ya biyo ta zauren ya ga akwati a lulluɓe, ya tambaya aka gaya masa, ya ce, “Ashe kifayen direba halwa suka shiga. Allah ya karɓa.” Halwa ita ce keɓewar da malamai suke yi a ɗaki don ibada, ba sa ganin kowa. Kafin yamma maganar ta zagaye Zongo. Mata suna wucewa suna ce mini, “'Yar malaman, in sun fito ki ce su sa mu a addu'a.” Suna dariya, ni kuwa ban taɓa yin kwana uku masu tsawo irin waɗannan ba. Ina zura tiyo ta ƙarƙashin bargo ina famfo, ba damar ɗagawa, ba damar ƙirgawa. Sau biyu na kai hannu gefen bargon na janye.

Da safiyar kwana na huɗu Ticha ya yaye. Jan ya dushe ya koma ɓarɓashi mai launin toka, ruwan ya yi garau. Shida suna iyo. Ƙaramin cikinsu yana kwance a gefen dutse. Na binne shi a gindin darbejiyar bayan gida. Da Baba ya dawo ban bari ya sha ruwa ba, na faɗa masa komai, har cokalin kokon. Ya tsuguna ya ƙirga da kansa, sannan ya ce, “Uwata, tuwon da kika ba su, da ni kika ajiye wa.” Ya sauke asabarin, ya miƙo mini famfon. Jan abin ya sake leƙowa sau biyu a shekarar, na zuƙe shi tun yana ƙarami, shidan kuma suka ga damina biyu a zaurenmu.

Yanzu jikana yana nuna mini a waya akwatunan kifi na gidajen birni, da injin da yake motsa ruwa da kansa da fitilar da ta san lokacin mutuwarta. Ya ce in jan nan ya fito, har yau rufewa ake yi a rage abinci. Zauren namu ya zama shago, Ticha ya koma garinsu tun ina budurwa, ban samu na tambaye shi abin da ya tsaya mini ba. Har yau ban sani ba ko tuwona ne ya kashe ƙaramin, ko yunwar kwana ukun.