Wayar da Kaka Za Ta Zaɓa

Na wanke labulen ɗakina sau biyu, amma warin ƙonanniyar roba bai fita ba. Duk sanda na shaƙe shi, hannun kakata nake tunawa.

Kaka 'yar masunta ce, a bakin kogi ta girma kafin aure ya kawo ta Bagudo. Shekarar da aka ja mana wuta, ina 'yar firamare, kawuna mai fatauci ta Illo ya riƙa shigo da gwanjo daga Benin: dutsen guga, fanka, hita. Ba a jona komai sai ya bi ta hannunta. Ba ruwanta da rubutun jikin kwali. Wayar take kamawa, ta naɗe a yatsa, ta ja, wani lokaci har ta ɗan gatsa, yadda ta ga ubanta yana gwada igiyar ɗaure jirgi. In ta ji kauri da tauri, ta gyaɗa kai. In siririya ce mai laushi, ta ture.

"Wagga ko akuya ba ta riƙewa, balle wuta," in ji ta.

Baba kan ce, "Inna, ai mai laushin ce ba ta tsagewa." Ko kallonsa ba ta yi. Damina da rani, gidanmu bai taɓa gobara ba, to ku gaya mini, wa zan gaskata?

Watan jiya na sayi butar lantarki. Na zaɓi mai waya kamar babban yatsana, wadda da ƙyar take lanƙwasuwa, na dawo ina jin na iya sayayya. Ranar Talata da hantsi na jona ta, na fita shanya, ɗiyata 'yar wata bakwai tana kwance a tabarma. Kukanta ne ya dawo da ni. Wayar ta narke tana ɗiga, bakin tabarmar yana hayaƙi, tsakaninsa da ƙafarta bai kai taki ɗaya ba. Babu abin da ya same ta.

Mai gyara a bakin kasuwa ya yanka wayar ya nuna mini. Roba ce zalla, sai 'yan silin jan ƙarfe kamar gashi a tsakiya. Ya ɗauko wata siririya mai laushi, cikinta dam da jan ƙarfe.

"To siririya zan riƙa saye?"

"A'a, ƙanwata, a siraran ma akwai na banza. Sai an yanka ake sani."

"Wa zai bari in yanka kafin in saya?"

Ya ci gaba da aikinsa.

Kaka ta rasu, ba dama in tambaye ta. Ko a zamaninta kauri gaskiya yake faɗi, ko Allah ne kawai ya tsare mu, ban sani ba. Wataƙila masu ƙera kayan ne suka gane abin da hannun tsofaffi ke nema.

Yanzu da gawayi nake dafa ruwa, yarinyar a bayana. Maigidana ya sayo wata butar, ya ce wannan mai kyau ce. Na tambaye shi yadda ya sani, ya ce mai kanti ne ya faɗa masa. Kwananta huɗu a ƙarƙashin gado, ban buɗe kwalin ba.