Ba Laifin Shinkafar Ba Ne, Adda Saudatu

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewarmu gare shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Sha'aban, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata Adda Saudatu a ɗakinta da ke Kamarawa, bayan doguwar jinya ta ciwon suga. Mun yi mata sutura kafin rana ta faɗi. Ni ne ƙanenta Lauwali, mai shagon hatsi a cikin garin Isa. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma akwai maganar da nake riƙe da ita, kuma sai na fitar da ita.

Adda, ke kika goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, alhali ke ma ba ki gama girma ba. Ke kika koya mini auna hatsi, kika ce idan hannuna ya yi rawa, to ya yi rawa wajen ƙarawa. Lokacin da fari ya sauko mana, damina biyu a jere ruwa yana ɗaukewa daidai lokacin da gero zai fitar da kai, na ga irin halinki da idona. Rumbuna suka zama fanko. Mata sukan shigo gaishe ki da ƙwarya ɓoye cikin mayafi. Ba ki taɓa barin ɗaya ta buɗe baki ta roƙa ba. Sai ki ce ta shiga ɗaki ta gyara miki bakin buhu, ki juya baya kina tsintar wake har ta fita.

Cikin wannan yunwar ce shinkafar basmati ta shigo gidanki. Likita ya ce ki rage tuwo da fura. Ɗanki Attahiru, wanda ke aiki a Abuja, ya ji an ce basmati ce abincin masu suga, sai ya bugo mini waya ya ce in je Sakkwato in sayo. Na tsufa ina sayar da shinkafa 'yar gida, amma ran nan a cikin kanti na koma baƙauye. Ga ta Indiya, ga ta Pakistan, ga fara fat, ga wadda aka turara ta yi launin zuma. Mai kanti ya nuna mini wata ya ce ta fi daraja saboda ta daɗe a ajiye. Na ce ikon Allah, a garinmu tsohon hatsi raina shi ake yi, a nan kuma tsufan ake saye. Attahiru yana kallo ta waya, ya zaɓi mai hoton raƙumi.

Kin sunsuna ta, kin ce kamar an zuba mata turare. Kin ci ta kwana biyu lafiya lau. Sai kika kira ni kika ce, "Lauwali, ka hwaɗa ma yaron ga, wagga shinkahwa ba ta karɓe ni ba."

Yaron ga. Haka kike kiransa tun ranar da kika haife shi, domin shi ne ɗan fari, kuma shi kaɗai Allah ya raya miki. Irin kunyar da iyayenmu suka bar mana ce, ke kuwa kin riƙe ta gam. Ba ki taɓa kama sunansa ba, ba ki taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Idan ya zo gaisuwa, bango kike kallo ki amsa, sannan ki zagaya madafa ki yini kina dafa masa abin da yake so. Mai irin wannan kunya ba za ta iya cewa ɗanta ya zo tana son ganinsa ba. Amma kin tuna lokacin da mahaifinsa ya rasu kika daina cin abinci, ya baro makaranta ya zauna a ƙofar ɗakinki har sai da kika ci. Kin ɗauka mutumin yana nan yadda kika san shi. Kin ɗauka idan ya ji uwarsa ta ture kwano, zai kamo hanya.

Bai kamo hanya ba. Ya ce in koma Sakkwato in sayo mai koren buhu, ita ce abokan aikinsa suke yabo. Kika ce tana ƙulle miki ciki. Ya ce to a gwada mai tambarin taurari, ƙwayarta ta fi tsawo. Kika ce ba ta da ɗanɗano. Duk wadda kika ƙi, sai ya ƙara bincike, ya turo mini hotunan buhuna, yana yi mini bayanin wadda ake jiƙawa kafin a dafa da wadda ba a jiƙawa. Na rantse da ya ba ki rabin lokacin da ya ba waɗannan buhunan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Na gaji, na faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa ba shinkafa kike nema ba, shi kike nema. Ya ce, "Kawu, ka san halin da hanyar nan take ciki, ga kuma aiki. Idan Inna ta ce da bakinta in zo, za ni zo. Ai ba ta ce ba."

Hanya kam ba lafiya, kowa ya sani. Amma ita nake bi da furfurata, da buhunansa a bayan mota. Kuma shi ɗan gidan nan ne, ya fi kowa sanin cewa ya ɗora miki sharaɗin da ba za ki iya cikawa ba.

Buhunan da kika ƙi ba su yi asara ba, maƙwabta suka ci. Tani, wadda katanga ɗaya ta raba ku, ta ɗebi rabonta ta ce za ta yi tuwo. Ta dafa, ta tuƙa har hannunta ya sage, shinkafa ta ƙi haɗuwa, kowace ƙwaya tana gefenta. Ta shigo da muciya a hannu tana faɗa, wai wannan hatsin ba ya da zumunci. Daga baya suka gane, suka riƙa kai ta injin niƙa a Bafarawa ranar kasuwa, a mayar da ita gari. Shinkafar da aka yi ta zaɓe a waya ta ƙare a tuwo da miyar kuka, ta kuma riƙe yaran unguwa a watannin da suka fi tsanani. Ran da Tani ta shigo da muciyar nan kin yi dariya har da hawaye. Ban sake jin dariyarki ba.

Ke ma ina jin haushinki, Adda, kuma ba za ni ɓoye ba. Na roƙe ki ki karɓi wayar ki faɗa masa kalma biyu kawai. Kika harare ni kika ce, "Ni in buɗe baki in kira ɗan hwari? Lauwali, mi ya same ka?" Kin zaɓi ki riƙa ramewa a kan tabarma da ki karya abin da babu wanda zai tuhume ki a kansa. Kunyar nan an ce mana mutunci ce. Ni dai na ga abin da ta ci.

Ranar Laraba da hantsi jikinki ya rikice. Kin ba ni saƙo, na fita na kira Attahiru. Waya ta yi ta ringi, ba a ɗauka ba. Sai gab da magariba ya kira, muna dawowa daga maƙabarta da ƙasa a hannuwanmu. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kawu, yi haƙuri, taro ya riƙe ni. Na samo wata sabuwa, an ce ta fi duk waɗancan."

Allah ya jiƙan ki, Adda Saudatu. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Allah ya ciyar da ke a Aljanna yadda kika ciyar da masu jin kunyar roƙo. Ya sauko mana da ruwa mai albarka, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Ina miƙa ta'aziyya ga danginmu na Isa da Sabon Birni, da dangin mijinki na Kurawa, da Tani da sauran matan Kamarawa.

Sai kai, Attahiru. A zaman makoki ka tambaye ni ko ta bar maka saƙo, na yi shiru saboda mutane. Ga shi. Ta kama hannuna ta ce, "Attahiru." Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ko da yake daga ni sai ita a ɗakin. Daga cikin mayafin ta ce, "Ka ce mishi ya zo." Ka ce idan ta faɗa da bakinta za ka zo, to ta faɗa. Allah ya ba ka haƙurin ɗaukar wannan. Ni kam har yanzu ban samu nawa ba.