Kalmar da Ban Gyara Mata Ba

A gidanmu na Toranke ni ce mai Turanci. Tun ina aji uku na sakandare, duk takardar da ta shigo unguwarmu, ta asibiti ce ko ta rabon taki, hannuna take biyowa. Da na gama kwalejin horon malamai aka tura ni koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gaya, na yi aure a can, amma duk Asabar ina gida. Inna, mahaifiyata, ba ta haɗiyar ƙwaya ɗaya sai na karanta kwalin na faɗa mata sau nawa za ta sha. In ta tashi yabona a gaban baƙi takan ce, "Wannan ai ko Bature ya ji ta sai ya gyara zama." Ba zan ɓoye ba, maganar tana yi min daɗi, har nakan ɗan taɓa tabarau kamar ban ji ba.

Ƙanina kuwa, wanda yake bi na, Turanci ne ya kore shi daga boko. Sau biyu yana zana jarrabawar fita, sau biyu Turanci yana kayar da shi. Ya bi wani ɗan'uwan babanmu fatauci, daga baya muka ji yana Mozambik yana sayar da kayan gyaran babur. Shekara goma sha ɗaya sai dai a waya. Da ya tashi dawowa ya zo mana da mata da 'ya'ya biyu.

Matar musulma ce 'yar arewacin ƙasar, doguwa, mai sanyin magana, ta yi karatun ungozoma a can har ta yi aiki. Harshenta na boko Fotugis ne, Turanci kuwa sai tsince-tsince. Hausarta a bakin mijinta ta koya, saboda haka ta iso mana da Hausar maza, tana ce wa Inna "kai". Muka sha dariya, ni na fi kowa. Na ɗauka za mu daɗe muna dariyar. Kafin a yanke gero ta gyara bakinta, har tana mayar wa matan unguwa zolaya. Muka ci gaba da kiranta amarya duk da 'ya'ya biyu.

Wata Asabar na zo, na ajiye jaka, na ce Inna ta miƙo magungunanta in duba.

"An riga an duba," in ji ta. "'Yata ta duba."

"Wace 'yar taki?"

Inna ta nuna ɗakin amarya da haɓa. Ashe ta zo da abin awon jini, kullum da safe sai ta ɗaura wa Inna a hannu, ta kuma rarraba ƙwayoyin a ƙananan robobi, na safe daban na yamma daban. Sunan magani ba ruwansa da Turanci ko Fotugis, duk ɗaya ne a wurinta.

"Ke ai takardar kike karantawa," in ji Inna, "ita kuwa jikin take karantawa."

Wasa take yi, na sani. Amma maganar ta tsaya min a rai. Daga ranar na fara lura da abubuwan da ba su kai a lura ba. Inna da ba ta cin abin da ba ta sani ba ta cinye miyar ganyen rogo da gyaɗa har tana suɗe hannu. Matan da suke jiran Asabar don in karanta musu katin asibiti sun daina jira. Nakan zauna a tsakar gidan da aka haife ni, ana wuce ni da gaisuwa ana shiga ɗakin baƙuwa. Kishi ne ya kama ni, ba wani abu ba, ina mace mai shekara arba'in da 'yan kai, mai 'ya'ya biyar. Kuma ba ta taɓa yi min komai ba sai ladabi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Bayan an cire gyaɗa ƙanina ya same ni a Gaya. Ya ce wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Gaya yana neman mai taimakawa a ɗakin haihuwa, sun karɓi takardun matarsa, saura ganawa nan da mako uku, kuma da Turanci za a yi.

"Yaya, ki taimaka. Da alkawarin za ta yi aiki na rabo ta da garinsu. Kullum cewa take hannunta zai mutu in ta ci gaba da zama. Ni kin san ni da Turanci."

"Na san ka," na ce masa. Na ji daɗi ƙwarai da aka dawo hanya.

Muka fara a Asabar ta gaba, bayan azahar, a gindin darbejiyar tsakar gida, ana ɓarar gyaɗa a gefenmu. Na san irin ganawar nan, ba yadda za a yi a tashi ba a tambaye ka burinka da manufarka ba. Ni kuwa shekara ashirin ke nan duk Litinin ina rubuta aims and objectives a saman littafin shirya darasi, ko daga barci aka tashe ni zan bambance su. Na ce mata aim shi ne babban buri, kamar manomi ya ce yana so rumbu ya cika. Objective shi ne matakin da ake iya aunawa, a gama noman fari kafin Juma'a. Ta ce wannan ta san shi, objetivo suke cewa. Goal ma ta san shi daga ƙwallo. Target na ce abin da maharbi yake aunawa. Purpose kuwa dalilin da ya sa ka fito daga gida tun farko.

Kanta yana ja, wannan dole in faɗa. Sau ɗaya ake gaya mata abu. Ta rubuta kowace kalma a layi uku, Turanci, Fotugis, Hausa, da wani siririn rubutu mai kyau da ya fi nawa. Wannan ma na lura da shi.

Na ce to, ta gwada gaya min da bakinta abin da take so ta yi in an ɗauke ta. Ta gyara zama, ta ajiye hannu a gwiwa kamar tana gaban likita.

"I pretend to help the women. I pretend to save the babies."

Dariya ta taso min. Abin da ta faɗa shi ne za ta yi kamar tana taimakon mata, za ta yi kamar tana ceton jarirai, wato duk na ganin ido. Na buɗe baki zan gyara mata. Daidai lokacin Inna ta fito da kwanon fura, ta wuce ni, ta ajiye a gabanta.

"Sha, 'yata, kin sha wuya. Ke kuma Malama, kar ki takura mata, ba ɗalibarki ba ce."

Na rufe bakina. Na ce, "Ci gaba."

A mota, a hanyar komawa Gaya, na duba kalmar a waya. A Fotugis pretender yana nufin yin niyya. Kalmar ta yi kama da ta Turanci kamar an tsaga kara, ma'ana kuwa kowacce da inda ta dosa. Intend take nema. Gyaran bai fi ƙiftawar ido ba, kuma ina da lambarta. Na mayar da wayar jaka.

Na yi ta ba kaina hujja duk makon. Na ce ai za su gane abin da take nufi. Na ce iyaka a yi 'yar dariya a wuce, ta san cewa akwai abin da ba ta iya ba. Ban yi nufin ta rasa aikin ba, Allah ya sani. So nake a ɗan rage mata tsawo, ta dawo gida ta ba da labari, Inna ta ji cewa 'yar tata ma tana tuntuɓe. In ba haka ba, na ce, Asabar mai zuwa zan gyara.

Asabar ta zo, amarya ta kawo min jawabinta a rubuce, shafi guda cif. Na zare jan biro na bi shi layi layi. Na gyara waƙafi, na gyara babban baƙi, na saka the a inda ta manta, na soke wata jimla na sake gina ta. Takardar ta yi jajawur kamar ta ɗalibar aji ɗaya. Kalmar nan tana wurare uku, biro ya tsallake su duka ukun. A wuri na biyu har na ɗora bakinsa a kanta, ya bar ɗan ɗigo, na ɗage.

A Asabar ta ƙarshe ta karanta min shi da ka, ba tuntuɓe. Matan da suke ɓarar gyaɗa suka yi mata tafi ba tare da sun ji ko kalma ɗaya ba. Ta naɗe takardar ta dube ni.

"Yaya, akwai saura?"

"Babu saura."

"Allah ya saka da alheri. Ban san da me zan biya ki ba."

Na ce kar ta damu, ai duk ɗaya ne.

Ranar Talata da safe ta biyo ta gidana kafin ta wuce asibitin. Mayafinta ya kwashi ƙurar hanya, na ba ta nawa, mai ruwan toka. Na gyara mata shi a kafaɗa da hannuna. Ta ce in yi mata addu'a, na yi. Har ta kai ƙofa ina da damar kiranta. Na tsaya ina kallon bayanta har ta hau babur.

Da la'asar ƙanina ya kira. Ya ce ba a dace ba, wata aka ɗauka. Na tambaye shi me ya faru, ya ce ba ta ce komai ba, ta dai ce ba rabonta ba ne.

A kasuwar Gaya na ji sauran. Na haɗu da babbar ma'aikaciyar jinyar asibitin, wadda muka yi sakandare tare, a wurin masu kayan miya. Ta ja ni gefe.

"Ashe 'yar Mozambik ɗin nan matar ƙaninki ce? Me ya hana ta zuwa wurinki ki shirya ta?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce takardun amarya sun fi na kowa, likitan har ya fara murmushi. Da aka tambaye ta burinta ta fara jawabi tiryan-tiryan, sai ga pretend. Wani a cikinsu ya fashe da dariya. Likitan ya tsayar da ita, ya yi mata bayanin ma'anar a hankali, ba da wulaƙanci ba. Ta zaro takardarta ta zuba mata ido, ta daɗe. Daga nan komai ya zube. Ko da suka juya zuwa Hausa, amsa ɗaya-ɗaya take bayarwa kamar ba ta wurin. Likitan ya ce ɗakin haihuwa ba ya son mai rikicewa.

"Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce ita ta koya wa kanta, a waya." Ma'aikaciyar jinyar ta juya tattasai a hannu. "Takardar dai duk jan biro, kamar hannun malami."

Na ce rana ta yi, yara suna jira na. Na baro kasuwar ban sayi albasa ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya na so in ce ba ni da lafiya. Na dai je. Inna ta tare ni da faɗan mutanen asibiti, wai ba su san mutum ba, su suka yi asara. Mayafina yana kan jakar Inna, an wanke an goge an ninke. Amarya tana gindin darbejiya ita kaɗai da ƙwaryar gyaɗa. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da rusunawa. Na zauna kusa da ita, na ɗebi gyaɗa na fara ɓarewa don in sami abin yi da hannuna.

"Me ya sa kika ce musu ba wanda ya koya miki?"

Ba ta ɗago ba.

"Inna ta ce a duk Gaya da Ajingi ba wanda ya kai ki Turanci. Na yarda da ita. Kin ga waƙafi, Yaya. Wanda ya ga waƙafi ba zai kasa ganin kalma sau uku ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Da na ce ke ce," ta ci gaba, "ko su ce ba ki iya ba, ko su ce kin iya kika yi shiru. Garin nan magana ba ta kwana. Duk biyun ba na so Inna ta ji."

Haƙuri na so in ba ta, amma kalmar ta yi min ƙanƙanta a baki. Ta zubar da ɓawon da ke cinyarta, sannan ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba murmushi.

"I pretended, Yaya. Daidai na faɗa?"

Na ce daidai ne.

Ta turo ƙwaryar tsakaninmu, muka ci gaba da ɓara har aka kira la'asar. Har yau Inna ba ta sani ba, har yau tana cewa ko Bature ya ji ni sai ya gyara zama. Amarya kuwa ba ta ƙara tambayata ko kalma ɗaya ba. A waya take koyon Turancinta yanzu, kamar yadda ta faɗa musu.