Ranar da Hular Alhaji Ta Sauko Har Kunne

Wankin hula na gada wajen babanmu a Koki, amma akwai shekarar da babban yatsana ya fi ni aiki. Wallahi da za a auna tafiyar da ya yi a kan gilashin waya, da ya je Makka ya dawo. Zan buɗe in duba saƙo ɗaya tak, sai wayar ta miƙo mini akuya tana rawa, ga wani yana soya ƙwai a kan mota, ga wasu suna zagin juna a kan abin da bai shafe ni ba. Ni ban tambaye ta ba fa. Ita ke zaɓa, ni ina haɗiya.

A sana'armu kowane kai da katakonsa. In ka wanke hula ka sa mata sitati, sai ka kifa ta a kan katakon da ya yi daidai da kan mai ita, ta bushe a rana. Akwai wani Alhaji ɗan Gwammaja, aminin marigayi babanmu, tun ina rarrafe yake kawo mana wanki. Kansa ɗan mitsitsi ne kamar lemon tsami. Wata Alhamis ya kawo hularsa ta fita kunya, washegari shi ne waliyyi a wani ɗaurin aure. Ido na kan akuya, hannu ya danna hular a katakon wani mahauci mai kai kamar tukunyar biki.

Bayan sallar Juma'a sai ga shi, hula ta haɗiye kunnuwa.

"Kai ɗan nan, hula na ba ka ko rumfa?"

"Baba, ai yanzu ita ake yayi."

"Yayi? Duk wanda ya zo gaishe ni sai ya leƙa ya ga ko ina ciki! Ubanka bai taɓa ɓata mini kai ba. Sauran hulunana, Ƙofar Wambai zan kai su."

Nan dariya ta maƙale mini. Cikin mutanen baba, shi kaɗai ya rage yana zuwa.

A ranar na goge duk wani abu mai turo mini bidiyon da ban nema ba. Wayar na jefa ta gwangwanin sitati da ya ƙare, na rufe. Sai bayan la'asar, in na kwashe huluna, nake kunna data, da 'yar takardata a hannu: saƙon kwastoma, gaisuwar yayata da ke aure a Zariya, shi ke nan. Kwana uku yatsan yana ta shafa iska shi kaɗai, kamar mai neman maɓallin riga.

Hular kuwa na karɓo ta da magiya, na sake wankewa, na kifa ta a katakonta, na kai masa har zaure, na faɗa masa waya ce ta ɗauke mini hankali. Ya sa, ya girgiza kai hagu da dama. Ta zauna daram.

"Ina shaiɗaniyar?"

"Tana gwangwani, Baba, tana hutawa."

Ya janyo leda daga bayan tabarma, cike da huluna, ya turo mini.

"Ka kula. Kan nan guda ɗaya gare ni."