Rifkatu da Ajin Ranar Laraba

Wata Laraba ce ta watan Oktoba a shekarar 2011, ana ta yayyafi tun safe, ni da ƙawata Rifkatu muka fito daga makaranta bayan azahar muka tsaya a bakin Wilmslow Road muna jiran bas. 'Yan sakandare ne mu, amma a wuyan kowaccenmu akwai sabon kati mai tambarin jami'a. Mu biyu aka zaɓa daga ajinmu muka shiga wani shiri da ke ba 'yan ajin ƙarshe damar ɗaukar kwas guda a jami'a, wanda ya ci a ajiye masa makinsa har ya shigo. Da bas ta zo, Rifkatu ta riga ni hayewa sama, don bas ɗin mai hawa biyu ce, ta kama kujerar gaba, ta goge raɓar gilashi da hannun rigarta don kada ginin jami'ar ya wuce ba ta gan shi ba.

Layinmu ɗaya a unguwar Rusholme ta birnin Manchester, katanga ce kawai tsakanin bayan gidanmu da nasu. Mahaifina akanta ne, mutumin Kano, a nan aka haife ni. Ita kuwa tana 'yar shekara biyar mahaifiyarta ta zo da ita daga Jos, ta kama aikin kula da tsofaffi. A lungun da ake jera kwandunan shara muka yi wasan carafke da duwatsun da muka tsinto a lambun unguwa, muka yi tsallen igiya da igiyar shanyar Umma har ta tsinke. Ranar Asabar ni ce mai goge matakala, ita ce mai kai wanki shagon injin wanki, duk wadda ta riga gamawa ta leƙo ta kan katanga. Da salla a gidanmu take cin waina, da Kirsimeti ni ce mai yanka albasa a kicin ɗinsu. Mahaifiyarta takan dube mu ta ce, "Ku biyun nan ko a kasuwa sai dai a saye ku tare."

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. An rufe ɗakin matasa na unguwa, an rage ranakun buɗe laburare, an soke ɗan tallafin da ake ba ɗalibai. Ajin Laraba ne ya zama wurin shan iskarmu. Ilimin ƙwayoyin halitta ake koya mana, a wani ɗakin gwaji mai warin sinadari, tare da 'yan jami'a da suka girme mu. Ni ina fahimta ne bayan na koma gida na karanta sau biyu. Rifkatu a take take kamawa. Ranar da muka fara duba ɗigon jini a madubin likita, ta daɗe ba ta ɗago ba, sai da malamar ta taɓa kafaɗarta. A hanyar komawa takan sake yi mini darasin da Hausa, tana kwatanta ƙwayar halitta da gidan haya mai ɗakuna da yawa, muna cin dankalin da muka saya a takarda guda. Duk mun ci kwas ɗin, ita ce ta fi kowa maki har da 'yan jami'ar, kuma wata jami'a a Birmingham ta ba mu gurbi tare.

Da bazara ta matso, wata rana malamar da ke taimaka mana neman rancen karatu ta tsayar da ita. Na jira ta a ƙofar makaranta har ɗalibai suka watse. Ta fito tana tafiya a hankali, ta ce, "Hadiza, wai ni baƙuwa ce." Takardar zamansu ta wucin gadi ce da ake sabuntawa, kuma ƙa'ida ta canza: irinta ba rance, sai kuɗin makaranta irin na wanda ya zo daga ƙasar waje. Yarinyar da Turancin Manchester ne a bakinta, wadda ba ta tuna komai na Jos sai wata bishiyar mangwaro. Abba ya kai su wurin lauya, mutanen cocinsu suka yi iya ƙoƙarinsu, abin bai kai ba. Rifkatu ce ta taya ni haɗa kaya ranar da zan tafi jami'a, tana ninke mini zannuwan gado tana ta surutu don kada in yi magana.

Sau ɗaya ta ziyarce ni a Selly Oak, unguwar da na sauka a Birmingham, lokacin ta fara aiki inda mahaifiyarta take. Ta kwana a ɗakina, da safe ta ce, "Ki tafi da ni lacca, a baya zan zauna." Muka shiga cikin cunkoso, ba wanda ya lura da ita. Malamin ya jefo tambaya a kan abin da muka yi tare a ajin Laraba, ɗaki ya yi tsit. Na ga hannunta ya fara tashi daga kan cinyarta, sai ta mayar da shi ta danne da ɗayan. Ba a tashi ba ta fita. Na same ta a bakin Bristol Road, na ce ta tsaya mu ci abinci, ta ce tana da aiki da yamma. Na raka ta tashar jirgi, ba wadda ta dubi 'yar'uwarta. Daga ranar kiran waya ya fara raguwa, ni ina jin nauyin ba ta labarin karatu, ita kuma ba ta tambaya. Lokacin da takardunta suka daidaita, wa'adin makin nan ya daɗe da wucewa, ga aure, ga goyo.

Yau ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Bara muka haɗu a wani biki a unguwar Sparkhill ta Birmingham, tana riƙe da hannun 'yarta mai shekara tara. Muka rungumi juna, muka tambayi lafiyar iyaye kamar mutanen da suka taɓa zama maƙwabta kawai. Yarinyar ta ji irin aikina, ta ce ita ma kimiyya take so, amma mamanta ba ta iya taya ta aikin gida na kimiyya ba. Na buɗe baki zan gaya mata wace ce mahaifiyarta, Rifkatu ta girgiza mini kai kaɗan, tana gyara wa yarinyar ɗankwali. A da babu abin da ɗayarmu za ta sani ta iya ɓoye shi har rana ta faɗi. Yanzu ni kaɗai nake riƙe da wannan labarin, mai shi kuma ba ta so a tuna mata.