Tuban da Ya Jiƙa Mini Tabarma

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta da Lahadin da muka yi taron tuba a 'yar majami'armu ta Madarunfa ba.

Damina ce mai ruwa, har tafki ya fara shiga gonaki. Mu Kiristocin garin ba mu da yawa, kuma gidajenmu kusan duk a layi ɗaya suke, layin da ruwa ke bi in ya gangaro. Sai dattijon majami'armu ya sa aka jera buhunan yashi a bakin layin. Da ruwa ya tarar an rufe masa hanya, sai ya karkata gaba ɗaya zuwa gidan wata gwauruwa 'yar'uwarmu da ke gefe, mai marayu uku. Ɗakinta ɗaya ya zube, ɗayan ya tsage. In aka ƙara ruwa irin wannan, ita da yaran sai kwanan waje.

Kowa ya san dalili, ba wanda ya ce uffan. Ni ma gidana yana bayan buhunan, tabarmata a bushe ƙayau. Na je na yi mata jaje da kwanon wake, har da ce mata, "Duniya ce, sai haƙuri." Na dawo gida ina jin kaina mutuniyar kirki.

Fastonmu daga Maraɗi yake zuwa kan babur, bai san zancen buhu ba. Shi dai ya ga wahala ta yi yawa, ga ambaliya, ga zazzaɓi, ga tsadar hatsi, sai ya ce mu taru mu tuba.

Mun kuwa tuba, ba laifi. Wata ta tuba daga gulmar da ta yi a wani biki, wanda amaryarsa yanzu har ta aurar da 'ya. Ni na zaɓi saurin fushi, zunubin da faɗarsa ba ta rage wa mutum komai. Sai dattijo ya miƙe, hawaye har gemu, ya ce yana saurayi ya sha giya a wajen cin rani a Najeriya. Majami'a ta ruɗe da kuka. Ni da nake jan waƙa a zumuntar mata, tuni na ɗauko baiti.

Gwauruwar nan ta tashi a hankali ta ce, "Baba, Allah shi gafarta maka giyar ga. Amma ni ba ita ta kada mani ɗaki ba. Buhunnan da kunka jera na."

Na yanke waƙar. Wallahi haushinta na ji, na ce a raina wannan wace irin rashin kunya ce, ana cikin tuba ta kawo zancen yashi. Na zuba ido in ji ayar da dattijo zai rufe mata baki da ita. Sai ya share fuska, ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke, ya ce, "Ɗiyata, kin yi gaskiya. Wa ke da shebur?"

Dukanmu manoma ne, amma ranar ba a samu mai shebur ba. Tsohon ya fita shi kaɗai, ya kama jan buhu da hannu yana nishi. Kunya ce ta tura samari suka bi shi, ita ce kuma ta tura mu.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan karon ya rarrabu, ya shiga kowane gida har idon sawu. Ina kwashewa da kwano ina mita, ina cewa ina ma tsohon nan ya tsaya a kan giyarsa. Da gari ya waye na leƙa, sai ga tsagaggen ɗakin nan a tsaye, marayun na zaune bakin ƙofa suna shan koko. A nan na yi kukan da ya kamata in yi ranar Lahadi.

Tun daga lokacin na gane cewa ba kowace wahala ce daga sama take saukowa ba, wata mu ne muke karkata ta zuwa gidan maƙwabci. Har yau in na durƙusa zan tuba, sai na fara tambayar kaina gidan wa ruwana yake shiga. In na tashi na tarar tabarmata tana nan a bushe, na san ban fara ba tukuna.