Buhun Takin Baba

Shekarar da bama-bamai suka addabi Kano, na goyo Baba a babur daga kasuwa, da buhun takin zamani guda. A shingen hanyar Gezawa jami'an tsaro suka ƙwace buhun, wai da irinsa ake haɗa bam. Baba ya nuna musu kantar fartanya a tafin hannunsa, ko kallo ba su yi ba. A daminar nan dawarmu ta tsumbure.

Da zaɓe ya matso, a idona tirela cike da irin takin ta ratsa shingen, har ana sara mata. Kowane buhu da hoton ɗan takara. Har yau raina na ƙuna. Ashe taki in ya ɗauki hoton babban mutum, ba ya fashewa!